Saura-Kaɗan a Kufan Kan Tsauni

A daminar farko bayan rasuwar maigidanta, ruwa ya taru a tsakar gida har idon sawu. Ya shiga kicin ya jiƙa gawayi, ya kwashi takalman jikoki yana yawo da su daga wannan lungu zuwa wancan. Tana tsaye a ƙofar ɗaki da tsintsiya a hannu, ta rasa ta inda za ta ɓullo wa abin, sai ta ji sallamar ƙanin mijinta. Ya shigo ya naɗe ƙafar wando, guduma a hannu. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya bi gindin katanga yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, har ya zo wani wuri ya durƙusa cikin ruwan. Ya zare dutse ɗaya daga ƙasa, ya jera wasu faffaɗa guda uku, biyu a gefe ɗaya a sama, ya bar rariya. Kafin ta mayar da tsintsiya ruwan ya fara tsiyaya waje yana ƙara.

Ta ce ya tsaya ya sha ko shayi ne. Ya ce, "Na sha ta gwiwa, matar Yaya, ya ishe ni." Ya matse ƙafar wandonsa, ya ƙara da cewa, "Katangar Yaya ce ai. Ko ruwa in ya shiga sai ya nemi izini kafin ya fita."

Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Amma ta lura bai tafi nan take ba. Ya tsaya yana shafa katangar da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, ido a ƙanƙance, kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. Ta san abin da yake nema. Kuskure yake nema, kuma bai samu ba.

Su biyu mahaifinsu ya haifa maza, shi ma magini ne, duka biyun kuma suka gaji guduma. Mijinta shi ne babba da shekara shida. Mutum ne marar magana, mai faffaɗan hannu, in ya ɗauki dutse sau ɗaya yake juya shi ya ajiye, ba ya sake ɗagawa. Ƙanen kuwa siriri ne mai saurin hannu da saurin baki. Ranar da ya gama katangarsa ta farko, yana ɗan shekara goma sha bakwai, tsohon ya zo ya ja igiya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Madalla. Saura kaɗan ka kamo yayanka." Da nufin yabo ya faɗa, Allah ya jiƙansa. Leburori suka cafe maganar, kafin la'asar har ta zama sunansa. Ya yi faɗa, ya yi fushi, ya taɓa yin wata guda ba ya amsawa, sunan ya ƙi sakin sa. Har ya yi furfura yaran unguwa Baba Saura-kaɗan suke ce masa, ba su ma san akwai wani labari a ciki ba.

Kuma Allah ya sani aikinsa mai kyau ne. Akwai shaguna da makarantu da gidajen da ya gina suna nan tsaye, ko tsaga babu. Matsalar dai, duk mai neman magini in ya zo ƙofar gidansu sai ya ce, "Babban muke nema. In ba ya nan, to, kai ma ba laifi." Wannan "kai ma" ɗin ya sha ta fiye da yadda ya sha ruwa. Yayan ya sayi keke, shi ya daure ya sayi babur. Sai mutane suka koma cewa, "Dubi babban, duk da sunan da ya yi keke yake hawa, ba shi da girman kai." Yayan ya haifi mata uku a jere, shi ya sami maza biyu, ya ɗauka ya wuce gaba a nan. Mazan suka ƙi gini, ɗaya ya zama tela ɗaya ya bi motar haya. Ranar da aka dawo daga binne yayan, tana daga bayan labule ta ji shi yana faɗa wa wani, "Ko mutuwar ma sai da ya riga ni."

Sai dai kada wani ya kuskura ya taɓa yayan a gabansa. An taɓa yin wani ɗan kwangila da ya ce wata kusurwar da babban ya yi ta ɗan karkace. Saura-kaɗan ya juye masa kwanon kwaɓaɓɓen siminti a kan takalma, ya ce, "Idonka ne ya karkace. Ni kaɗai nake da ikon jin haushin Yaya, don ni na san abin da ya iya."

Ita dai tun tana amarya ta gane shi, ta kuma iya zama da shi. Suna wasa irin na matar wa da ƙanin miji, yana ce mata ta tsufa ta bar masa gidan, tana ce masa ƙaramin miji ko cefane bai iya ba. Amma in an yaba wa mijinta a wani wuri ba ta kai labarin gidan ƙanen. Kuma in gaskiya za a faɗa, ita ma tana da nata. Ba ta da yawan magana, ba ta shiga harkar gini, amma sunan mijinta ba ta yarda a rage masa ko ƙwayar gero.

Akwai labari ɗaya da Saura-kaɗan ya fi kowane maimaitawa. Shekara talatin da uku da suka wuce, wani ofishi mai kula da kayan tarihi ya ɗauke su aiki su biyu, aka kai su wani tsauni mai nisan kwana biyu a mota. A kan tsaunin akwai kufan wani tsohon gari da ba wanda ya san ranar da aka tashi daga cikinsa. Katangar da ta kewaye garin ta zube ta wajen ƙofa, aka ce su tayar da ita yadda mutanen farko suka gina ta, dutse kan dutse, ba siminti ba laka. A ƙa'idar aikinsu, in za a raba katanga babba ke fara zaɓa. Yayan ya yi rabin yini yana zagaye, ya hau sama ya sauko, ya sake hawa, sannan ya ce ya ɗauki ɓangaren dama, wanda ke jikin ƙofa, inda hanya ke ɓullowa kuma baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Ya bar wa ƙanen ɓangaren hagu, wanda ya lanƙwasa bayan wani ƙaton dutse inda sai awaki ke bi.

"Wata biyu ina gina wa awaki katanga," haka yake cewa duk inda aka zauna. "Da aka buga hoton wurin a kalanda, na nemi nawa har da tabarau, ban gani ba."

Mijinta bai taɓa tanka wannan magana ba. Ita kuma ya sha yi mata alkawarin zai kai ta ta ga wurin, yau aiki, gobe rashin lafiya, har Allah ya karɓi abinsa.

Shekara huɗu da rasuwar, wata safiya sai ga Saura-kaɗan da sabuwar hula, fuska kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Matar Yaya, ki haɗa jaka. Alkawarin da mijinki ya kasa cikawa, ƙaramin miji zai cika. Zan kai ki ki ga aikin Yaya da idonki."

Ta ce, "Ikon Allah. Kai da ko kasuwa ba ka taɓa raka ni ba?"

"Ai girma ya zo mini."

Fara'ar ta yi yawa, hankalinta bai kwanta ba. Da yamma ta leƙa gidansu ta sami matarsa tana wanki, ta zauna tana taya ta matsewa. Matar mace ce mai jiki da dariya, ba ta iya riƙe magana. Ta waiga ta ga ba kowa, ta ce, "Yaya, ni dai ba ki ji daga bakina ba. Wani direban motar kaya ne ya ce masa katangar nan ta zube ta wajen ƙofa. Tun ranar nan kwano biyu yake ci. Har waƙa na ji yana yi a banɗaki."

Ta koma gida ta zauna a kan darduma ta daɗe. Ta so ta ce ba za ta je ba. Sai ta tuna in ba ta je ba, zai je shi kaɗai, ya tsaya a kan tarin duwatsun mijinta ya yanke hukuncin da ya ga dama, ba mai ce masa kanzil, ya dawo ya baza a gari. Marigayi ba shi da bakin kare kansa. Ta tashi ta haɗa jaka.

Su uku suka tafi, da shi da matarsa da ita. Bas ta kai su inda kwalta ta ƙare, suka kwana a wani ƙaramin masauki, da safe suka shiga gaban wata motar kaya da ke kai gishiri da kananzir ƙauyukan gindin tsauni. Hanyar duk ramuka da duwatsu. Suka tsallaka rafi uku ba gada. Gidaje suka yi ta raguwa, daga ashirin zuwa biyar, daga biyar zuwa bukka ɗaya da kare a gabanta. Matar ƙanen tana riƙe da ƙarfen ƙofa tana salati duk lokacin da motar ta karkata. Shi kuwa bakinsa bai rufe ba, yana nuna wa direba inda tayar motarsu ta taɓa fashewa, da bishiyar da Yaya ya yi sallah a ƙarƙashinta. Ita tana ta jan carbi a cikin mayafi, tana kallon tsaunin yana girma a gilashi.

A gindin tsaunin suka sami maigadin wurin, wani dattijo mai sanda, wanda ya ce ya gaji aikin daga mahaifinsa. Bai gane Saura-kaɗan ba, shi kuma bai faɗa masa ko shi wane ne ba. Suka kama hawa ta wasu matakala da aka sassaƙa a jikin dutse, tsakiyarsu ta lotse saboda sawun mutane. Matar ƙanen tana hutawa duk bayan taki ashirin tana cewa, "Mutanen nan me ya kai su sama? Ƙasa ta ƙare ne?" Maigadi ya ce tsoro ne ya kai su, ta ce to ita ma tsoron ne zai sauko da ita.

Da suka kai sama, ita matar marigayi ta manta da abin da ya kawo ta na ɗan lokaci. Ɗakuna ne birjik ba rufi, ƙofofinsu gajeru sai an sunkuya. Ciyawa ta cika su, ƙadangaru na shan rana a kan bango. Wata bishiya ta tsiro a tsakiyar wani ɗaki ta raba bangon biyu da saiwarta. A kan wani shimfiɗaɗɗen dutse ta ga ramuka masu santsi guda tara a jere, maigadi ya ce nan matan garin ke niƙa. Ta durƙusa ta sa hannu cikin ɗaya, ya zauna daidai tafinta. Mata tara a jere, ana niƙa ana hira, wataƙila ana gulmar ta goma da ba ta fito ba. Yau ko sunan ɗaya ba a sani ba. Ta ce, "Allah mai iko," ta miƙe.

"Matar Yaya, ba niƙa muka zo ba," in ji Saura-kaɗan. "Zo nan."

Ya ja su wajen ƙofar garin. Daga jikin ƙofar zuwa kamar taki goma sha biyar, katangar ta zube ta zama tsibi, wasu duwatsun sun gangara har kan hanya. Ya dafe kai da hannu biyu. "Subhanallahi! Kai! Wannan ai na Yaya ne!"

Matarsa ta kalle shi ta ce, "Malam, rage. Ko yaro ba zai yarda yanzu ka sani ba."

Bai kula ta ba. Ya yi gaba ya zagaya bayan ƙaton dutsen yana yafito su. Can ga tasa katangar, tsaye kyam, tsayin mutum da rabi, ko tsakuwa ɗaya ba ta motsa ba, kashin awaki a gindinta. Ya buga ta da tafin hannu. "Sa hannu, matar Yaya. Tura. Tura da ƙarfi, kada ki ji tsoro, ba za ta faɗo miki ba. Shekara talatin da uku!" Ya juya wajen maigadi. "Baba, wannan da waccan wace ce ta gwani?"

Maigadi ya ce, "To, mai tsaye dai tana tsaye."

"Kin ji ko? Ba ni na faɗa ba." Ya gyara hula. "To ke me kika gani? Ki faɗi tsakaninki da Allah, ke ba kya ƙarya."

Ta tura katangar kamar yadda ya ce, ta ji ta daram. Ta juya ta koma wajen tsibin mijinta ita kaɗai. Ta gane duwatsun nasa ne, manya-manya a ƙasa, irin waɗanda shi kaɗai ke iya juyawa. Ta tsaya tana kallo, sai ta lura takalminta ya ɗan nutse. Rani ne, ko'ina a kan tsaunin ƙasa ta bushe ta tsattsage, amma nan akwai danshi. Duwatsun ƙasan duk gansakuka ta yi musu kore. A bayan tsibin yashi mai laushi ya kwanta lumui, irin wanda ruwa ke bari in ya tsaya ya janye, irin wanda ta sha sharewa a tsakar gidanta. Ta ɗaga kai. Daga can ƙololuwa wani baƙin zane ya sauko a jikin dutse, ya bi ta tsakanin ɗakuna, ya miƙe sak har inda take tsaye.

Ta kira maigadi. "Baba, in damina ta sauka, ruwan saman nan ina yake bi?"

Ya nuna ƙafarta da sanda. "Nan inda kike. Duk ruwan garin nan yake taruwa. In ana ruwa ba mai iya tsayawa a nan, sai ya kwashe ka. Tun zamanin kakana wurin nan yake a zube, sai da aka kawo wasu magina biyu. Mahaifina ya ce wa babbansu wurin ba ya riƙe gini, ya ce ya gani. Mun ɗauka damina biyu za ta yi. Ta yi talatin da ɗaya."

"Can bayan dutsen fa?"

"Can ai fako ne, ko raɓa ba ta kwana."

Sai ta tuna. Duk damina in aka yi ruwa mai ƙarfi, mijinta yakan tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, yana kallon sama yana cewa, "Allah ya riƙe." Ita duk zatonta gonakin mutane yake wa addu'a.

Saura-kaɗan ya ƙaraso yana murmushi. Tana iya yin shiru, ta bar shi ya koma gida da abin da ya zo nema. Daga baya ta nemi gafarar Allah a kan yadda ta faɗa, don da zafi ta faɗa. Ta ce, "Ka ce rabin yini ya yi yana hawa yana sauka kafin ya zaɓa?"

"Rabin yini cur."

"To ba masu hoto yake dubawa ba. Dubi ƙafarka."

Ya duba. Ya ga danshin, ya ga gansakukar, ya bi baƙin zanen da ido har sama. Magini ne, ba ya bukatar a ƙara masa bayani. Murmushin ya tafi a hankali. Ya nemi wani dutse daga cikin na yayansa ya zauna a kai, ya cire sabuwar hular ya riƙe.

Da ya buɗe baki, faɗa ya kama yi. "Wa ya roƙe shi? Ku gaya mini, wa ya roƙe shi? Ya ɗauki ƙashi ya miƙo mini tsoka kamar yaron goye, kuma ya rufe bakinsa shekara talatin ina zaginsa a majalisa yana ji! Da ya ba ni nan ɗin mana, in ta faɗi ta faɗi, tawa ce!" Ya buga hular a gwiwa. "Na zo in ga inda na fi shi. Ashe faɗuwarsa ma ta fi tsayuwata."

Matarsa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, wanda kake wa faɗan ba ya ji."

"Yana ji! Shiru kawai zai yi, halinsa ne."

Ita matar marigayi ta sami abin da ta zo karewa, amma ba ta ji daɗin da ta zata ba. Ta ga tsoho mai furfura zaune a kan dutse kamar wanda aka kora daga gida.

Suka yi azahar a inuwar ƙofa. Da aka idar bai zauna cin abinci ba. Ya tashi ya bi tsohuwar katangar, ta mutanen da, wadda ba wanda ya taɓa gyarawa, yana tafe a sunkuye yana tone ciyawar gindinta da tsinke. Ta gane tafiyar, irin wadda ya yi a tsakar gidanta ce. Can ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa. Ya matsa gaba, ya sake samun wani. Ya dawo da sauri wajen tsibin, ya ari sandar maigadi yana ture duwatsu, yana haƙa yashi da hannu, har ya kai ga wasu tsofaffin duwatsu faffaɗa biyu a kafe a ƙasa, da tazarar kamu ɗaya a tsakaninsu, cike da laka.

"Rariya," ya ce, yana haki. "Mutanen nan sun bar wa ruwa hanya. Da ta zube tun farko sai ta binne. Yaya bai gan ta ba, ya kawo manyan duwatsu ya tare ruwan da ƙarfi." Ya girgiza kai. "Shekara talatin da ɗaya yana kokawa da ruwan tsauni guda. Wane irin mutum ne wannan?"

Nan ya faɗa wa maigadi ko shi wane ne. Maigadi ya riƙe baki, ya sauka inda waya ke kamawa ya kira ofis, suka ce shekara biyu suke neman wanda ya iya irin wannan gini ba su samu ba. Tafiyar kwana huɗu ta koma kwana goma sha ɗaya. Matan suka sauka a gidan maigadi, maza shida daga ƙauyen suka riƙa ɗaga masa dutse. Kullum da hantsi matar marigayi takan hau da abinci ta zauna a inuwa tana kallo. Ta lura ba irin gininsa yake yi ba. Shi mai son ƙananan duwatsu ne da yawan cusa tsakuwa, amma a nan manyan yake mayarwa, kowanne inda yayan ya taɓa sa shi. Yakan ɗaga murya ya ce, "A'a, wancan mai tabon na jere na uku ne, ku juya shi, fuskarsa waje." Wata biyun da ya yi yana leƙen aikin yayansa da haushi, ashe duk ya haddace shi. A ƙasa kawai ya sa nasa: ya buɗe tsohuwar rariyar, ya faɗaɗa ta, ya kwantar da dutse mai faɗi a kai, ya shimfiɗa tsakuwa a bayanta don kada yashi ya sake toshewa.

Ranar da aka gama ya sa aka hau da jarka takwas na ruwa, aka juye su lokaci ɗaya a kan baƙin zanen. Ruwan ya gangaro ya taru a bayan katanga, ya yi kamar zai tsaya, sai ya sami hanya ya fito ta rariyar ya bi gefen matakala ya sauka. Mutanen ƙauyen suka yi sowa. Shi bai dube su ba, ita yake kallo.

Maganar ta yi mata nauyi a baki, amma ta faɗe ta. Ta ce, "Yayanka bai taɓa yin irin wannan ba. Ko a gidansa bai yi ba, kai ka zo ka yi. Da ya sani da ya yi. Bai sani ba."

Ya tsaya yana jira. Ta san abin da yake jira, yana jiran ta ce "amma", ko ta ce "saura". Ta ja bakinta ta rufe. Ya juya ya yi kamar yana kakkaɓe ƙura daga ido.

Matarsa ta ce, "Alhamdulillahi. To ka ji da kunnenka. Sai ka bar mu mu koma gida, gwiwoyina sun ƙare a kan dutsen mutane."

Shekara biyu ya ƙara a duniya bayan wannan tafiya. Bai canza ba sosai. In an yabi yayan a gabansa yana nan yana ɓata fuska, sai dai labarin katangar awaki bai sake fitowa daga bakinsa ba. Allah ya jiƙansu su biyun, ya haɗa su a inda ba a gwada aikin wani da na wani.

A hanyar dawowa ne, a gaban motar gishirin, matarsa ta yi barci kanta na lilo, ya sassauta murya ya ce, "Matar Yaya, ina da roƙo."

Ta ce, "Ina ji, ƙaramin miji."

"In an tambaye ki me kika gani, ki ce kin ga katanga a tsaye daga ƙofa har bayan dutse. Ba ƙarya kika yi ba. Kada ki ce ta Yaya ta taɓa faɗuwa. In mutane suka ji, za su ce ashe shi ma ba wani abu ba ne. To ni da na ƙare rayuwata ina bin bayansa, na zama me kenan?" Motar ta tsallake wani rafi. Sannan ya ce, "Ki riƙe mini har a kai ni inda aka kai shi. Bayan nan in kin ga dama ki ba da labarin duka. Amma don Allah, in za ki bayar, ki fara da rariya."